Kwalabe Biyu a Kan Buhun Wake

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka Baba ba ya kiran sunana, ba ya kuma yi mini magana kai tsaye. Haka al'adar take a danginmu tun suna bin shanu a wajen Lau, kuma da suka dawo Jalingo suka zauna a unguwar Sintali ba su bar ta a hanya ba. Ko ina tsaye a gabansa, idan yana son ruwa sai ya juya wajen Dada, mahaifiyata, ya ce, "A ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa." Ni ma ba na duban fuskarsa. Na fi sanin ƙafafunsa a kan idanunsa. Farcen babban yatsansa na hagu a tsage yake tun ranar da saniya ta taka shi yana yaro, kuma idan ransa ya ɓaci yatsan nan ne yake fara motsi cikin takalmi kafin bakinsa ya buɗe.

Wannan bai taɓa damuna ba. Ni dama ba mai magana ba ce. A aji ma ina iya sanin amsa, in riƙe ta a baki har wani ya faɗi rabinta a tafa masa.

Sana'ar Baba wake. Da kaka yakan saya da yawa, ya zuba a buhuna, ya jera a sito ɗin da ke jikin zaurenmu, sai zafi ya shigo ya fara fitarwa kasuwa. Maƙiyinsa guda ɗaya ne, ƙwaron wake, ɗan ƙaramin nan mai launin ƙasa da ke huda ƙwaya ya bar ta kamar an bi ta da allura. Don shi yake sayen wata farar hoda yana barbaɗawa a buhunan. Ina ƙarama, murfi ɗaya yake zubawa a buhu. Da na shiga sakandare ya koma biyu. A shekarar da nake ba da labarinta har uku yake zubawa, ƙwarin kuwa suna nan suna harkarsu. Baba ya yanke hukunci cewa hodar yanzu jabu ce, mai sayar masa da ita ya fara haɗa ta da garin rogo.

A shekarar ina aji biyu na babbar sakandare, a ɓangaren kimiyya. Malaminmu na Bayoloji mutumin Kona ne, dogo, mai yawan goge alli a jikin wandonsa. Akwai wani babi can wajen ƙarshen littafin da duk makarantar ta san yadda yake koyar da shi: darasi ɗaya tak, ƙofa a rufe, ba a maimaitawa. Ranar da muka iso wurin ya tura ƙofar da ƙafa, ya tsaya ya dube mu.

"Ku saurara da kyau," in ji shi. "Wannan yana fitowa a jarrabawa. Ku rubuta abin da littafi ya ce. In kun fito, mai masallaci ya tafi masallacinsa, mai coci ya tafi cocinsa. Ni ma ranar Lahadi ina layin gaba."

Sai ya ba mu labarin wani Bature da ya yi shekaru yana yawo a jirgin ruwa yana duban halittu. A wasu tsibirai ya ga tsuntsaye masu kama da juna, amma bakin kowanne daidai da abincin tsibirinsa, wannan mai kauri don fasa ƙwaya, wancan siriri don zaƙulo tsutsa. Daga baya ya ce ba haka kowane iri ya faro ba. 'Ya'ya ba sa fitowa daidai da juna. Wanda ɗan bambancinsa ya dace da wurin, shi yake rayuwa ya haihu, wanda bai dace ba ya mutu bai bar baya ba. In aka daɗe ana haka, iri yakan canza, har wani sabo ya fito daga tsoho. A ƙarshe malam ya ce littafin ya sa mutum ma a cikin lissafin.

Ajin ya rikice. Wata a layin gaba ta rufe littafinta tana neman tsari. Daga bayan aji aka fara kukan biri ana sosa hammata. Ƙawata da muke benci ɗaya, 'yar ƙabilar Mumuye ce, Kirista, mahaifiyarta na sayar da doya, ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Yau dai limaminku da fastonmu sun zama 'yan gida ɗaya," ta raɗa mini.

Ban yi dariya ba, ina zana bakunan tsuntsayen a bayan littafin rubutuna. A Islamiyya an koya mana cewa Allah ne ya halicci kowane abu, uban mutane na farko kuma daga yumɓu aka yi shi. Na yarda da haka a lokacin, na yarda har yau. Amma abin da malam ya faɗa ya ƙi fita daga kaina. Ina komawa shafin nan a ɓoye, ina karantawa, ina rufewa da sauri kamar wadda ta leƙa ɗakin da aka hana ta shiga. Yawan buɗewar ne ya sa littafin ya saba, ko ina aka ajiye shi sai ya buɗe kansa a wurin.

Haka ya yi ranar wata Lahadi da na bar shi a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro na tafi kwashe shanya. Baba ba ya karanta boko sai lambobi, amma hoton da ke shafin ba ya bukatar karatu. Jerin halittu ne, na farko biri a duƙe, kowane na gaba ya fi miƙewa, na ƙarshe mutum a tsaye. Da na dawo na hangi yatsan yana motsi.

"Tambayi yarinyar nan," ya ce wa Dada, "wannan mene ne."

"Darasi ne," na ce wa Dada.

"Tambaye ta, na ƙarshen nan wane ne."

"Mutum ne."

"Na farkon fa?"

Na dubi tabarma.

"To, ki faɗa mata, ni na san kakana, na san kakan kakana da suna. Shanu suka kiwata. Babu wanda ya kwana a kan bishiya a cikinsu." Ya rufe littafin a hankali, bai jefar ba. "Takardar nan da ta kawo a sa hannu, ba zan sa ba muddin wannan darasin yana ciki. Ta koma ajin kasuwanci. Ban kai ta makaranta don a raba ta da imaninta ba."

Takardar ita ce ta zaɓen darussan da za mu rubuta a jarrabawar fita. Ranar Juma'a za a karɓa, da sa hannun uba. Wadda ba ta da Bayoloji ta bar kimiyya ke nan. Ni kuwa tun ranar da aka kai mu ɗakin gwaji na sa ido a madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, na ga ɗigon ruwan kwata cike da rai yana kai da kawo, ban ƙara son wani aiki a duniya ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Dada ta dube ni, ta ɗan girgiza kai, alamar in yi shiru. Shirun ne dama abin da na iya.

Ranar Litinin na gaya wa ƙawata. Ta ce ita ma mamarta ta ga hoton, ta kai wa fasto, ya yi addu'a a kan littafin ya dawo mata da shi.

"Ke ma ki kai a tofa masa," in ji ta. "Ko ki yage shafin, ki ce an soke darasin."

"Ƙarya ke nan."

"To zauna da gaskiyarki a ajin kasuwanci. Ni wa zai riƙa zana mini ƙoda?"

Da yamma Dada ta ba ni tsintar wake, za ta yi alale. Ba na sito ba ne. Wanda Goggo, yayar Baba, ta kawo mana ne daga ƙauyensu a bayan Lau, satin da ya wuce. Su can ba sa sayen hoda. Toka suke cakuɗawa da busasshen barkono su rufe rumbu, haka suke yi tun kafin a haife ni. Waken nata ya fi daɗi, amma shi ma da 'yan ƙwarinsa. Na zauna a bakin ƙofar sito saboda nan ne inuwa take, ina tsincewa ina yar da ƙwarin a ƙasa.

A dokin ƙofar akwai hodar da ta zube ranar da Baba ya yi barbaɗi, ta yi fari a kan siminti. Da na gama na tashi zan kakkaɓe zanena, sai na ga ƙwarin da na yar sun fara birkicewa, ƙafafu a sama suna rawa. A daidai wurin, a cikin hodar guda, ga wasu suna fitowa daga sito suna ratsa ta. Bayansu ya yi fari fat kamar 'yan matan da suka cika hoda ranar biki, kuma tafiyarsu suke yi, ko tuntuɓe babu.

Na daɗe a tsugune har Dada ta kira daga kicin ta ce ko waken ne ya tsince ni.

Washegari na yi abin da ban taɓa yi ba, na bi malamin Bayoloji bayan an tashi. Sai da ya kai bakin ofishin malamai ya lura ina biye da shi. Na faɗa masa abin da na gani, murya ƙasa ƙasa, har ya sunkuyo ya ce in maimaita.

"Wataƙila na ƙauyen dama sun galabaita a hanya," in ji shi. "Wataƙila sun fi daɗewa a cikin hodar. Ina kika sani?"

"Ban sani ba, Malam."

"To ki sani mana. Ki ba su komai daidai. Kwalba iri ɗaya, wake iri ɗaya, hoda daidai, ƙwari daidai. Abu ɗaya kawai zai bambanta, inda suka fito. Ki ajiye wasu na ƙauyen kuma ba hoda, ki ga ko za su mutu da kansu." Ya goge hannunsa a wando. "Kuma kada ki taɓa hodar nan da hannu. Shekara nawa ina koyar da babin nan, ke ce ta farko da ta zo mini da tambayar da ba ta biri ba."

A gida na samo kwalabe biyu na zuma da suka ƙare, na wanke na shanya. Na zuba wa kowacce cikin tafi ɗaya na sabon wake mai tsabta. Na ɗebi hoda daga gwangwanin Baba da murfin biro, sau ɗaya nan, sau ɗaya can, na girgiza. Kama ƙwarin ne ya ba ni wahala, don in ka taɓa su sai su naɗe ƙafa su yi kamar sun mutu, ka ɗauke ido su tashi. Da gashin kaza na riƙa turo su. Ashirin daga buhun Baba, ashirin daga ƙwaryar Goggo. Na rufe bakin kowace kwalba da tsumma na ɗaure da roba don iska ta shiga. Ta Goggo na ɗaura mata jan zare. Wasu goma na ƙauyen na sa su a kofi da wake kawai. Na tura duka ƙarƙashin gadona, na wanke hannu har sau uku.

Ranar Laraba na duba sau biyar. Ranar Alhamis da na dawo daga makaranta ban ko cire hijabi ba na durƙusa na jawo su. A kwalba mai jan zare babu mai motsi. Na girgiza, na jira, na hura musu iska ta tsumman ko wasan mutuwarsu suke yi. Babu. Na kofi suna nan garau. A kwalbar Baba uku ne suka mutu, sauran suna hawa gilashi suna faɗowa, biyu ma har sun hau kan juna.

Na zauna a ƙasa da kwalaben a cinyata. Na san abin da nake riƙe da shi. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan faɗa wa mutumin da ban taɓa haɗa jimla uku a gabansa ba.

Bayan la'asar Baba yana ƙofar sito, ya zazzage buhu ɗaya a kan tabarma yana rairayewa, yana mita. Ya ce gobe in an sauko daga masallaci zai je ya sami mai hodar nan a gaban mutane, shekara da shekaru suna tare amma ya rasa wanda zai cuta sai shi. Dada tana gefe tana jiƙa masara. Na fito, na ajiye kwalaben a kan wani buhu, na durƙusa nesa kaɗan.

"Dada, ki ce wa Baba hodarsa ba jabu ba ce."

Dada ta dube ni, ta dubi kwalaben. Ta tsame hannunta daga ruwa ta yarfe.

"Ni ban san zancen kwalba ba," in ji ta. "Ga ki ga shi." Ta ɗauki robarta ta shige kicin. Ba a jima ba muka ji ta fara daka, da ƙarfin da masarar ba ta bukata.

Baba ya waiga inda take zaune da, babu kowa. Ya yi gyaran murya. Ya dubi mangwaro, ya dubi katanga. A ƙarshe ya zaɓi kwalba mai jan zare ya yi mata magana.

"Mene ne wannan?"

Ni ma kwalbar na ba amsa. Na ce ƙwarin waken Goggo ne, guda ashirin, da hoda daga gwangwaninsa. Ɗayar kuma ƙwarin sito ne, guda ashirin, hoda daga gwangwani guda, awo guda. Ya ɗaga ta farkon ya kai ta wajen haske ya girgiza. Gawarwakin suka gangara gefe guda. Ya ɗaga ta biyun. Ya daɗe yana kallon wani da ke hawa gilashin da farin baya.

"Ba a canza gwangwani ba?"

"Naka ne, na bayan ƙofa."

"Hm. To ai sun saba ne. Kamar mai cin barkono. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya daina jin yaji."

Nan ne wurin da na yi kwana biyu ina shiryawa, kuma da ya zo sai duk abin da na shirya ya gudu. Abin da ya fito daga bakina daban ne.

"Baba, ƙwaron nan ba ya kai wata guda a duniya bayan ya fito daga ƙwaya. Wanda ka sa wa hoda bara ya mutu tuntuni. Babu wanda ya daɗe har ya saba."

Dakan Dada ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba.

"Shekarar farko da ka barbaɗa, kusan duka suka mutu," na ce. "Amma akwai 'yan kaɗan da aka halitta da ɗan ƙarfin jure ta. Su kaɗai suka rage, su kaɗai suka yi ƙwai. 'Ya'yansu suka gado su. Da ka ƙara murfi na biyu, ka kashe masu rauni a cikin 'ya'yan, ka bar waɗanda suka fi. Da ka ƙara na uku, haka. Na Goggo ba a taɓa tace su ba, shi ya sa murfin biro ya gama da su."

Ban san lokacin da na ɗaga kai ba. Sai kawai na ga ina kallon gemunsa, akwai furfura a gefen dama fiye da hagu, abin da ban taɓa sani ba.

"Kamar yadda Goggo take ba da labarin Kaka, mahaifinku," na ce. "In an haifi maruƙa maza, ba duka yake bari su hau shanu ba. Yakan zaɓi ɗaya, mai ƙirji, wanda rani ba ya kayarwa, sauran a dandaƙe su. Ta ce shi ya sa aka san garkenku ko daga nesa."

Baba ya ajiye kwalbar a hankali. Wannan yaren ya sani tun kafin ya san kuɗi. Na ga yatsan ya daina motsi.

"Wato ni ne nake zaɓar musu bijimi," in ji shi.

"Kai ne, Baba."

"Da kuɗina. Ina sayen hoda ina dandaƙe ragwaye, ina barin ƙattai." Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka fushi ne, ashe dariya ce, irin wadda ban taɓa jin ya yi a cikin gida ba. Ya ɗaga murya wajen kicin. "Kina ji? Na bar kiwon shanu na zo birni, ashe kiwon ƙwari nake yi. Har na fitar da iri mai kyau."

"Sai ka kai su kasuwar dabbobi," in ji Dada daga ciki, ba ta daina daka ba.

Ya share ido da bakin rigarsa. Da dariyar ta lafa ya koma yadda yake, ya ɗauki ƙwayar wake ɗaya mai huji yana juyawa.

"Wannan a littafin nan yake?"

"Babin da ka gani ne. Hoton shafi ɗaya ne a ciki."

"To. Amma ƙwaro ya haifi ƙwaro. Bai haifi akuya ba. Shanun babana ma, duk zaɓensa, shanu suka tsaya." A karon farko a rayuwata ya dube ni sosai. "Birin fa?"

Da ina so in tsira da sauƙi, da na ce ƙarya ne, don jarrabawa kawai muke haddacewa. Abin da yake jira ke nan, kuma da ya sa hannu nan take. Amma yanzun nan na nuna masa abin da na gani da idona, ban iya bin sa da abin da ban tabbatar ba.

"Littafin bai ce biri ya haifi mutum ba," na ce. "Ya ce wai asalinsu ɗaya, can da nisa ƙwarai. Na san wannan ma bai yi daidai da abin da aka koya mana a Islamiyya ba. Ban san yadda za a haɗa su ba, Baba. Ina sallata, ban fasa ba, ba zan fasa ba. Na ƙwarin nan na gani. Na mutum ban gani ba. In na bar ajin, ba zan taɓa sanin inda suka yi daidai da inda suka yi kuskure ba, sai dai in ji a bakin wasu."

Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan ba, ko da ƙawata. Wata kaza ta zo tana tsattsagar waken da ke kan tabarma, babu wanda ya kore ta.

"Wanda ya sa wa ƙwaron ƙarfin jurewa tun farko," in ji Baba, "wane ne?"

"Allah ne."

"To." Ya jefa ƙwayar cikin tarin. "Ni ban yarda da hoton nan ba. Ko gobe aka tambaye ni, ban yarda ba. Amma yau kin hana ni kunyata bawan Allah a ƙofar masallaci a kan laifin da bai yi ba." Ya miƙa hannu, ba wajen kicin ba, wajena. "Kawo takardar."

Na tashi da gudu har na taka gefen zanena. Da na kawo, ya shimfiɗa ta a kan buhun, tsakanin kwalaben biyu. Buhu ba tebur ba ne, bakin biron ya huda takardar a wuri ɗaya. Ya rubuta sunansa da ajami, daga dama zuwa hagu, a hankali, kamar yadda yake yi a komai. Ya ba ni, ya koma kan rairayarsa.

"To yanzu me zan yi da waɗannan ƙattan?" ya tambaya, idonsa a kan wake.

Na ce malam ya taɓa faɗa mana duk abin da ke numfashi, in aka toshe masa iska zai mutu, kuma ban ga yadda za a gaji jure wannan ba. A satin ya sayo duro biyu masu murfin da ke kamewa, ya cika su har baki ya rufe. Da aka buɗe bayan wata biyu, waken yana nan sumul. Goggo da ta ji labari ta ce ai su dama can rumbu suke liƙewa da laka, mutanen birni ne sai sun sha wahala suke gane abin da kowa ya sani.

Takardata kuwa, washegarin sa hannun, ranar Juma'a, na miƙa ta. Malamin Bayoloji ya ga hujin, ya ga ɗan farin garin da ya manne a bayanta, ya dube ni. Na ce, "Na ƙauye duk ashirin sun mutu, na sito uku kawai, Malam. Na kofi babu ko ɗaya." Ya gane. Ya sa ni na tsaya gaban aji na faɗa musu, da kwalaben a hannuna, kuma a ranar bai rufe ƙofa ba. Na yi bayanin har na kai ƙarshe. Ƙawata ta fi kowa tafi, ta ce ƙodarta ta tsira.

Tambayar Baba ta biri har yanzu tana nan tare da ni. Na ƙara karatu, na ƙara jin hujjojin masu littafin, wasu sun fi ƙarfin yadda na zata. Ina zuwa Islamiyya ranar Asabar da Lahadi kamar da. Wani lokaci abubuwan biyu suna zama lafiya a kaina, wani lokaci ba sa zama.

Baba bai fara kiran sunana ba, al'ada ba ta faɗuwa saboda kwalba biyu. Amma ya daina aika saƙo ta wajen Dada. Jiya da safe ina ɗaura takalmi zan tafi makaranta, ya leƙo daga sito da wani ganyen masara mai ramuka a hannunsa.

"Malamar ƙwari," ya ce, "zo ki duba mini wannan kafin ki wuce."